Na Cire Ƙarafan da Babana Ya Ƙera, Shi Kuwa Bai Sani Ba

Assalamu alaikum Anti Furera,

Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Na san yawancin masu rubuto miki kuka ne ke kawo su. Ni kuwa ban ma san sunan da zan ba abin da ke damuna ba, domin gidanmu bai taɓa zama cikin farin ciki irin na 'yan makonnin nan ba, kuma farin cikin ne ya ɗaure ni. Kwana goma sha ɗaya suka rage mini.

Ni haifaffiyar Agege ce, a Zango na tashi, shekaruna ashirin da bakwai. Ina aiki a wata cibiyar adana bayanai a Ikeja. In ba ki taɓa shiga irin wurin ba, ki ɗauka wani ƙaton ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, babu taga ko ɗaya, an jera dogayen kabad na ƙarfe layi-layi. Rak muke ce musu. A cikin kowane rak ana jera manyan kwamfutoci masu faɗi, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda muke kira saba. Su ne ke riƙe da bayanan bankuna da makarantu da asibitoci. Kowace saba tana zama ne a kan dogayen ƙarafa biyu, hagu da dama, irin waɗanda durowar tebur ke gudu a kai, don a iya janyo ta a gyara a mayar. Sunansu reli. Aikina shi ne ɗaura relin, da ɗora na'urar, da haɗa wayoyi. Mutane in sun ji na ce kwamfuta sai su ɗauka ina zaune ne a kujera mai juyawa ina shan iska. Ina fa! Sukudireba da noti su ne abokan aikina, yatsuna duk tabon yanka ne.

Babana, Malam Mamman, mai walda ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a Apapa yana gyaran tankokin manyan motoci. Shekara biyu da suka wuce yanar ido ta kama shi, aka yi masa aiki, Allah ya sa aka dace, ganinsa ya dawo tas. Amma kafin ya warke, direbobin da suka saba da shi sun koma wurin wasu. Ya je Apapa sau uku ko huɗu, ya zauna tun safe har la'asar babu wanda ya kira shi. Daga nan bai sake komawa ba. Sai zaman benci a ƙofar gida, da rediyo a cinya. Mutumin da in yana dariya ana jiyo shi daga bakin layin dogo, ya koma amsa gaisuwa da ka. Umma ta yi ta fama da shi a kan abinci. Kuma in faɗa miki gaskiya, bai taɓa son aikina ba. Bai hana ni ba, amma in aka tambaye shi me nake yi, sai ya ce, "Tana can Ikeja dai."

To, wata biyu da suka wuce wani kamfani da ke riƙe wa ƙananan asibitoci sakamakon gwaje-gwajen marasa lafiya ya kwaso sabobinsa goma sha biyu ya kawo mana. Rufin tsohon gininsu ne ya fara yoyo da ruwan nan na Legas, dole suka tashi ba shiri. Ranar Litinin aka sauke kayan. Asibitocin sun koma rubutu da biro da takarda, an yi musu alkawarin komai zai dawo ranar Juma'a.

Na ɗauko relin farko na maƙala shi a ginshiƙin gaba na rak ɗin, na miƙa shi zuwa na baya, sai na ga bai kai ba. Saura kamar faɗin yatsu uku. Na ja shi har ƙarshen tsawonsa, bai kai ba. Na ɗauko na biyu, haka. Duka ashirin da huɗun haka suke. Ashe rak ɗinmu ya fi nasu na da zurfi, kuma a cikin gaggawar tashi babu wanda ya tuna ya auna. A ƙa'ida ana iya kwance ginshiƙin baya a matso da shi, to amma a saman wannan rak ɗin akwai na'urorin wasu mutane suna kan aiki, ba a isa a taɓa ba, kuma babu wani mai fili a lokacin. Muka kira masu ƙera na'urar. Suka ce akwai ɗan ƙarfen ƙari da suke yi don irin wannan matsala, amma daga waje za a turo, mako shida zuwa bakwai.

Anti, da kin ga yadda muka tsaya mu huɗu muna kallon giɓin nan kamar za mu cike shi da ido. Wani a cikinmu ya ce a ɗaure bayan da igiyar roba da muke tattara wayoyi da ita. Wani ya ce a jibge su ɗaya kan ɗaya kawai, kamar buhunan albasa a kasuwar Mile 12. Shugabanmu, Oga Abdulganiyu, Bayarabe ne ɗan Mushin, mutum mai haƙuri, amma ranar har gilashinsa ya cire. Ya ce kowace na'ura ta kai kilo talatin, in ɗaya ta sulluɓo ta faɗa wa ƙafar mutum, ko ta murƙushe ta ƙasa da ita, wa zai amsa tambaya? Ya ce ba dai a wurinsa ba.

Na koma gida a motar haya ta danfo kaina yana ciwo. Ina zaune a baranda ina zana abin a bayan wata tsohuwar takarda, don kawai na kasa cire shi daga raina, sai Baba ya zo wucewa da buta zai yi alwalar magariba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Wannan kuma mene ne?" Na yi masa bayani sama-sama, ina tsammanin zai wuce. Sai ya ajiye butar. Ya tambayi nauyin da zai hau kai. Ya tambayi kaurin ginshiƙin. Ya tambaya ko ramukan zagayayyu ne ko masu kusurwa huɗu. Da na ce masu kusurwa huɗu ne, ya ce, "Gobe ki zo mini da ɗaya in riƙe a hannuna. Ni ba na gane ƙarfe a takarda."

Washegari na gaya wa Oga, ina jiran ya yi mini dariya. Sai kawai ya ce in sa hannu a geti in fita da reli ɗaya. Kafin azahar ina gida. Baba ya jujjuya shi, ya auna, ya sake aunawa, ya sa hularsa, muka tafi shagon wani abokinsa a bakin layin dogo ya ari wuri. Ina tsaye ya yanka ƙarfe mai kusurwa, ya lanƙwasa, ya huda, ya goge bakin har ba ya kama zaren gyalena da ya gwada da shi. Guda biyu ya fara yi. Na koma da su Ikeja na ɗora, noti ya shige sumul, ban ko matsa ba. Wallahi kabbara na yi da ƙarfi, har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Oga bai yarda nan take ba. Ya sa muka ɗaura su a wani tsohon rak da ya lalace aka jingine a ɗakin ajiya, muka lafta musu tsofaffin batura da suka ninka nauyin na'urar sau biyu. Suka kwana suka yini, ko gezau. Sannan ya kira masu kayan ya nuna musu, aka rubuta yarjejeniya cewa za a yi amfani da ƙarafan ne na wucin gadi, zuwa lokacin da na kamfani za su iso. Baba ya yi sauran ashirin da biyun, ya shafa musu baƙin fenti don kada su yi tsatsa. Ranar Juma'a, kafin maza su tafi masallaci, na'urori goma sha biyu suna ta ƙyafta korayen fitilu. Oga ya ce in je in ce da Baba "e ku ishe", wato sannu da aiki, kuma kada in manta.

Ga inda na yi kuskure. Wannan kalma ta wucin gadi ban kai ta gida ba. Da na dawo na ce masa sun zauna daram, yadda fuskarsa ta yi, bakina ya kasa ƙarasawa. Na ce a raina gobe zan faɗa masa. Goben nan har yau ba ta zo ba.

Anti, ba ki ga Baba yanzu ba. Ya fito da akwatin kayan aikinsa ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da kananzir. Yana cin tuwo har ya nemi ƙari, Umma tana zuba masa tana satar kallona tana murmushi. A majalisarsu ta bayan la'asar babu wanda bai ji labarin ba. Shi dai cewa ya yi ƙarafansa suna riƙe da kwamfutocin asibiti. Da labarin ya zaga unguwa ya dawo, ya zama Malam Mamman ne ke riƙe da intanet ɗin Legas gaba ɗaya. Yanzu in netwok ya ɗauke, mai burodin layinmu sai ta leƙo ta ce, "Baba Mamman, a duba mana ƙarfen nan, ko ya motsa ne?" Shi kuma ya ce, "Nawa ba ya motsi, ku tuhumi masu waya." A yi ta dariya. Aiki ma ya fara dawo masa. Wannan ya kawo ƙofa, wancan ya kawo baro, 'yan dakon Mile 12 sun gano shi suna turo junansu. Abokin nasa ya ware masa gefe guda a shagon. Rannan na ji shi da kunnena yana gaya wa wani baƙo da ya zo daga Funtuwa, "Wannan ita ce injiniyar gidan, tare muke aiki." Na shige ɗaki na yi kukan daɗi har na gode Allah.

Kullum na dawo, kafin in cire takalmi zai ce, "Yaya ƙarafana?" In ce, "Lafiya lau, Baba."

Talatar da ta wuce na kamfani suka iso. Dole ne a sa su, domin in na'ura ta samu matsala tana kan ƙarfen da ba nasu ba, masu ƙera ta za su ce ba ruwansu, kuma masu binciken da ke zuwa duba wurin ba za su sa hannu ba. Na san haka, ban yi musu ba. Muna kashe na'ura ɗaya, mu sauke ta, mu canja, mu mayar, har muka gama. Ni da hannuna na kwance na Baba. Babu wanda ya lanƙwashe, fentin ma bai kankare ba. Abin haushi da ban dariya, na kamfanin nan masu ƙyalli, da suka zo a leda da takardar bayani cikin harsuna biyar, sai da muka yi ta lallaɓa huɗu daga cikinsu kafin raminsu ya yi daidai da noti. Na zuba na Baba a buhun shinkafa na tura ƙarƙashin teburina. Da yamma ya tambaye ni, na ce lafiya lau. A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, lafiyarsu ƙalau a cikin buhu. Amma na san ƙarya ce, kuma tun ranar kullum sai na maimaita ta.

To ga babban abin. Ranar Alhamis Oga ya kira ni ofis ya ce daga wata mai zuwa ni ce shugabar rukuninmu na masu haɗa na'urori. Ban gama murna ba ya ƙara da cewa manyanmu sun ji labarin, suna so a gayyato Baba ya ga wurin, a yi masa godiya a gaban ma'aikata. Wurin da ko mijin ma'aikaciya ba ya wuce geti! Ya riga ya nemo izini, Asabar ta sama, har da takardar gayyata mai sunan Baba a jiki. Oga ya ɗauka Baba ya san komai, ni kuma na ji nauyin in ce masa a'a. Na so in ɓoye takardar, zuciyata ta ƙi, don ba zan iya hana Baba wannan ba. Sau uku ya sa na karanta masa ita. Babbar rigarsa tana wurin masu bugu yanzu haka. Ya ce shi abu ɗaya yake so, a buɗe masa kabad ɗin ya ga yadda ƙarafansa suka zauna, domin akwai guda biyu da yake zargin bai goge bakinsu yadda ya kamata ba, abin yana damunsa.

Babu irin tunanin da ban yi ba. Na yi tunanin in mayar da guda biyu a na'ura ɗaya ranar Juma'a, in cire ranar Litinin, ba wanda zai sani. Na yi tunanin in nuna masa na kamfani daga nesa in ce an sake musu fenti ne, amma mutumin da ke gane waldarsa a jikin tanka tana wucewa a titi, shi zan yi wa haka? Na yi tunanin in roƙi Oga ya ce an hana buɗe kabad ranar. Ƙawata Nafissa ta ce in daina wahalar da kaina, in ya je ya gani shi ke nan, ai babba ne. Umma kuwa ban gaya mata ba, don ita magana ba ta ɓuya a fuskarta.

Tsorona ɗaya ne, kada ya koma bencin nan. Kada ya ɗauka an yi amfani da shi an yar, kamar yadda ya ji a Apapa, kuma wannan karon 'yarsa ce ta yi. Kada wasan da unguwa ke yi da shi cikin ƙauna ya juye ya zama ba'a. Anti, yaya zan yi?

Taki,
'Yar mai walda, Agege

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Bari in fara da abin da kika tsallake da gudu. Barka da ƙarin girma, Allah ya sanya albarka. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya sosai a wurin mai burodi, kuma ban ga wata musiba a ciki ba. Abin da na gani shi ne aiki mai kyau da uba da 'ya suka yi, sai magana ɗaya da aka makara wajen faɗa. Ana iya gyara wannan tun kafin Asabar, kuma ke ce za ki gyara.

Mu fara kawar da dabarun da kika lissafa. Mayar da ƙarafa biyu a ɓoye, kada ki kuskura. Na'urar nan amana ce a hannunki, a bayanta akwai wani mara lafiya da ke jiran sakamakon gwajinsa. Za ki kashe ta ba izini, ki saɓa yarjejeniyar da aka rubuta, a daidai lokacin da aka ba ki shugabanci, duk don ki rufe wata magana da za ki iya faɗa cikin minti biyar. Batun fenti kin riga kin amsa wa kanki. Shi kuwa Oga Abdulganiyu, mutumin da ya ƙi a ɗaure na'ura da igiyar roba, bai cancanci ki jawo shi cikin rufa-rufa ba. Nafissa ina gaishe ta, ta yi gaskiya da ta ce Baba babba ne, amma shawararta ita ce mafi zafi a gare shi. Ki hango shi cikin babbar riga, ma'aikata sun kewaye shi, ya sunkuya ya leƙa, ya ga aikin da ba nasa ba. Dattijo yana iya haɗiye labari mara daɗi a cikin ɗakinsa. A gaban baƙi ne abin ke zama wulaƙanci.

Wurin aikinku bai yi laifi ba. Ƙa'idar da ta sa aka cire ƙarafan ba raini ba ce ga hannun mahaifinki, kariya ce ga masu kayan, kuma da ƙarafan wani babban injiniya ne, haka za a cire su. Ke ma ina ganin uzurinki. Duk wadda ta shekara biyu tana kallon mahaifinta yana dusashewa, in ta ga ya farfaɗo, za ta ji tsoron duk abin da zai taɓa shi. Amma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Kin ɗauke shi kamar majinyacin da ake ɓoye wa labari, alhali shi abokiyar aiki ya kira ki a gaban baƙonsa. Abokin aiki ana gaya masa yadda aiki ya ƙare.

Kuma ina ganin kin raina abin da masu sana'a suka sani. Ki duba duk wani bene da ake ginawa a Agege. Kafin a zuba kankare sai an tokare shi da katako da gora, in ya kama a cire su. Ban taɓa jin kafinta ya yi fushi don an cire katakonsa ba. Abin da zai hana shi sukuni shi ne ginin ya rufta kafin lokacin cirewar. Mai walda ma yakan ɗiga wuta nan da can ya riƙe ƙarfe kafin a yi na dindindin. Aikin wucin gadi da ya riƙe har ranar da aka ɗibar masa, cikakken aiki ne. Malam Mamman ya fi ni da ke sanin haka.

Ga abin da za ki yi. Gobe da safe ki samu Oga ki gaya masa gaskiya a taƙaice, cewa Baba bai san an canja ba, kuma za ki gaya masa a makon nan. Ki nemi izinin fita da buhun, tare da ɗaya daga cikin na kamfani in akwai rara. Ki sanar da Umma kafin ki yi magana, ko da da rabin awa ne. Fuskarta za ta iya jure rabin awa, kuma ta fi ki sanin lokacin da mijinta ke sauraro. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, a cikin gida, ba a shago ba, ba kuma a majalisa ba.

Ki fara da naki laifin. Ki ce masa akwai abin da ba ki ƙarasa gaya masa ba tun ranar farko, ya yafe miki. Sannan ki jera masa abin da ya faru yadda ya faru. Mako bakwai ƙarafansa suna ɗauke da na'urori goma sha biyu, asibitoci sun koma aiki a ranar da aka yi musu alkawari, kuma da aka kwance su babu wanda ya lanƙwashe. Daga nan ki sa masa nasa a hannu ɗaya, na kamfani a ɗayan, ki yi shiru. Ki bar shi ya juya, ya auna. Labarin huɗun nan da suka ƙi shiga ma ki ba shi, gaskiya ce, kuma yana da haƙƙin ya ji daɗinta. Ina kyautata zaton kafin shayinsa ya huce zai fara nuna miki inda masu kamfanin suka yi sakaci.

Ba na yi miki alkawarin ba zai ji zafi ba. Yana iya yin shiru kwana ɗaya ko biyu. Kada ki bi shi da magiya, kada kuma ki yi ta kare kanki. Abin da zai fi sosa masa rai ba cirewar ba ce, "lafiya lau" ɗin nan ce da kika yi ta ce masa bayan an cire. Ki amsa wannan ba tare da kwana-kwana ba. Batun benci kuwa, ki sake karanta wasiƙarki. Masu kawo masa ƙofa da baro wataƙila labarin Ikeja ne ya kawo su karon farko, amma abin da ke sa su turo 'yan'uwansu shi ne waldarsa tana riƙewa. Wannan ba ya cikin buhun da ke ƙarƙashin teburinki. Unguwa kuma ki bar masa ita. Ba aikinki ba ne ki bi gida-gida kina gyara labari. Mutumin da ya iya mayar wa mai burodi amsa haka, ya san yadda zai yi da majalisarsa.

Akwai abubuwa biyu da za ki iya roƙon Oga. Na farko, a sake ɗaura biyu daga cikin ƙarafan a tsohon rak ɗin ɗakin ajiya, da baturan a kai, yadda aka gwada su. Babu yaudara a nan, tunda kowa ya san me ake nunawa, kuma Baba zai ga yadda aikinsa ke zama, ya duba bakin waɗanda ke damunsa. Na biyu, ki tambaya ko akwai aikin ƙarfe da wurin ke buƙata inda ƙa'idar masu ƙera na'ura ba ta shafa ba, kamar keken tura kaya ko kantocin ɗakin ajiya. Amma da sharaɗi. Ya zama aikin gaske ne, ba na tausayi ba, don zai gane bambancin. Kada ki yi masa alkawarin komai kafin a amince. Kuma tunda yanzu ke shugaba ce, kada ya zama ke ce mai yanke shawarar ba mahaifinki aiki. Ki bar wa Oga da na sama da shi, hakan ya fi kare mutuncinku ku biyun.

Sai ɗan guzuri na sabon matsayinki. Ki mayar da shi doka a rukuninki, duk gaggawar mai kaya, kafin a ɗauko na'ura daga wani wuri sai an auna zurfin rak, an duba irin ramukansa, an gwada reli ɗaya. Ki rubuta ki liƙa inda kowa zai gani. Kuma ki saba wa waɗanda ke ƙarƙashinki da kawo miki labarin abin da bai yi daidai ba tun da wuri, ba tare da tsoro ba. Yanzu kin ɗanɗana yadda ƙaramar magana ke ƙara nauyi in an ajiye ta.

Ranar Asabar ki tsaya kusa da shi. In an ba shi dama ya yi magana, ki bar shi ya yi ta yadda yake so, ko da ya yi tsawo. In aka tafa masa, ki fi kowa tafawa, zuciyarki wasai, babu abin da kike ɓoyewa. Ki gaishe mini da shi da Umma. Allah ya ƙara masa lafiya da kasuwa, ya ba ki ikon riƙe amanar da aka ɗora miki, ya bar ku tare cikin alheri.

Anti Furera